Karen gadi na cikin cif ko na waje: wanne za ka saya?

Duk wanda ya taɓa haɗa na'urar kunna famfon sola ya kai ta ƙauye ya san ranar da za a kira shi a ce, "Malam, abin naka ya sandare." Maganin wannan shi ne abin da masu sana'a ke kira wocdog, wato karen gadi. Firogiram zai riƙa taɓa shi a kai a kai, in karen ya ji shiru har wa'adi ya cika sai ya sake tayar da cif ɗin da ke tafiyar da na'urar. Kusan kowane maikurokwanturola, wato cif ɗin da firogiram ke gudana a cikinsa, da nasa yake zuwa, akwai kuma na waje da ake saya daban. Kafin ka biya kuɗi, bincika daga ina karen yake samun bugun agogonsa.

Cif ɗin ATmega328P da ke kan allon Arduino Uno ya ba karensa agogo daban mai gudun kilohaz 128, wa'adinsa kuma daga milisakan 16 zuwa daƙiƙa 8. Ya wadatar da aikin gida. Sai dai a yi hattara da allon Arduino Nano mai tsohon butloda, wato ƙaramin firogiram ɗin da ke fara aiki in allo ya tashi: kare zai tayar da allon, ya ci gaba da ƙirga a wa'adi mafi gajarta, butloda bai gama ba an sake tayarwa. Haka fitilar allon za ta yi ta ƙiftawa har ka zare wuta. Kwana biyu na yi ina zargin wayoyina kafin na ɗora sabon butloda mai suna Optiboot aka zauna lafiya.

Cif ɗin STM32 karnuka biyu gare shi, IWDG da WWDG. IWDG yana da nasa agogon, kuma da zarar ka kunna shi firogiram ba ya iya kashe shi, wanda ni a wurina nan darajarsa take. Amma agogon ba ya tsayawa daidai. A samfurin STM32F103 yana yawo tsakanin kilohaz 30 da 60, don haka kada ka matse wa'adi. WWDG kuwa yana kama firogiram ɗin da ya yi gaggawar taɓa shi, sai dai da babban agogon cif ɗin yake tafiya. In agogon ya tsaya, mai gadi ya bi maigida barci.

Cif ɗin ESP32 ma yana da nasa, har da mai sa ido kan ayyuka ɗaya bayan ɗaya.

Inda duk na ciki suke gazawa shi ne wuta. Gida ɗaya suke da cif ɗin. In tsawa ko tashin injin famfo ya jefo masa mummunar wuta ya maƙale, wani lokacin ba abin da ke sakinsa sai an yanke wutar gaba ɗaya. Haka modem, wato na'urar da ke haɗa allon da layin waya, irin SIM800L: ka sake tayar da cif sau goma, shi yana nan a sandare.

Nan ne na waje yake cin kuɗinsa. TPS3823 yana jira daƙiƙa 1.6, yana kuma lura da faɗuwar wuta. TPL5010 yana iya jira har awa 2 a kan nano'amfiya 35 kacal, ya dace da na'urar batir mai yawan barci. In allon zai zauna inda sai ka hau mota ka je, sa na waje, ka haɗa shi da taransista mai yanke wutar allon duka har da modem, na ciki kuma ka bar shi a kunne.