Mun je gidan tarihin ƙwallon Amurka da ke Kanton, ga yadda na gan shi

Ni dai gaskiya ba ɗan wannan ƙwallon ba ne, shekara nawa ina Kolombus ta jihar Ohayo a Amurka amma har yanzu in aka ce ƙwallo Firimiya nake nufi. Yarona ne ya jawo mu, yana bugawa a makarantarsu ta sakandare kuma koci ya sa shi a sahun gaba, wato cikin kattin nan da suke durƙusawa su yi ta ture juna, kullum in ya dawo sai ƙorafi wai Baba ni ko taɓa ƙwallon ba na yi, wasu ne ake tafa wa. Shi ne ranar wata Asabar na ce tashi mu je Pro Football Hall of Fame, wato gidan tarihin gwanayen wasan da ke garin Kanton, tafiyar wajen awa biyu ce a mota, yana nan gefen babban titin I-77 kusa da filin wasa, ba ka ɓata.

Tikiti ta intanet na saya, shiga ba wahala, ma'aikatan akwai fara'a, wani dattijo a cikinsu da ya ga muna ta waige-waige shi ya nuna mana inda za mu fara. An buɗe gidan a 1963, kuma dalilin da ya sa aka kawo shi wannan ɗan garin shi ne a nan aka kafa gasar da ta zama NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ranar 17 ga Satumba 1920, a shagon sayar da motoci na Ralph Hay mai ƙungiyar Canton Bulldogs. Kana shiga mutum-mutumin Jim Thorpe ne zai tare ka, shi ne shugaban gasar na farko.

Yawancin mutane wucewa suke yi da sauri zuwa wajen kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, su ɗauki hoto, wajen ya yi kyau ba laifi, amma wallahi abin da ya biya mini kuɗina wata 'yar tsohuwar takarda ce a cikin gilashi a ɓangaren tarihin farko. Takardar lissafin kuɗi ce ta wani kulob mai suna Allegheny Athletic Association, ta wasan da suka yi da Pittsburgh Athletic Club ranar 12 ga Nuwamba 1892, a ciki an rubuta an ba W. Heffelfinger dala 500 lakadan kuɗin wasa. Wannan shi ne mutum na farko da aka tabbatar an biya shi ya buga wannan ƙwallo, kuma ɗan sahun gaba ne, gurbin da ake kira gadi yake bugawa. Na dafa yarona na ce ka gani ko? Shi Heffelfinger ɗin Pudge suke kiransa, ɗan Minneapolis, ya yi suna a jami'ar Yale, sau uku a jere ana sa shi cikin gwanayen ƙasar daga 1889 zuwa 1891. A wasan nan ƙwallo ta suɓuce wa abokan hamayya shi ya sure ta ya ruga ya ci, aka tashi 4 da 0 don lokacin cin maki huɗu ne. A ɓoye aka biya shi, zamanin abin kunya ne a ce ka karɓi kuɗi don wasa, shi ya sa shekara da shekaru ana ɗauka wani John Brallier ne na farko da dala 10 ɗinsa ta 1895, sai da takardar nan ta fito. Dala 500 a 1892 fa, wasa ɗaya!

Kayan wasansu na da kuma abin tausayi, hular fata ce kamar ta mai babur ɗin zamanin da, ba ƙarfe a fuska ba komai, wasu ma ba sa sawa, kuma mutum ɗaya shi ne a kai hari shi ne a tsaro minti 60 cur. Ni sai suka tuna mini da 'yan kokawa, ƙarfin ƙugu da sanin inda za ka dasa ƙafa, wanda bai taɓa shiga fage ba sai ya ce ture-ture ne kawai.

Daga nan sai zauren kawunan tagulla na gwanayen da aka karrama, sun haura 350, an jera su bisa shekarar da aka shigar da kowa, wajen shiru da ɗan duhu har sai ka ji ka rage murya da kanka. A jerin farko na 1963, mutum 17, akwai Pete Henry wanda ake wa laƙabi da Fats saboda jikinsa, ɗan Mansfield nan Ohayo, takul ɗin Bulldogs (shi ma gurbi ne a sahun gaba) lokacin da suka ɗauki kofi a 1922 da 1923, ƙato haka amma ya taɓa dukan ƙwallo da ƙafa ta yi yadi 94. To amma inda muka fi daɗewa wajen Duke Slater ne. Baƙar fata na farko da ya buga sahun gaba a NFL, daga 1922 zuwa 1931, a ƙungiyar Rock Island sannan Chicago Cardinals, yana wasa yana karatun lauya a jami'ar Iowa, a 1948 ya zama alƙali a Shikago. A 1929 ne abokin wasansa na Cardinals Ernie Nevers ya ci maki 40 shi kaɗai a kan Chicago Bears, har yau ba wanda ya karya, kuma Slater yana cikin masu buɗe masa hanya tun farkon wasan har ƙarshe. Nevers ya shiga zauren nan a 1963, shi kuwa Slater sai 2020, ya rasu tun 1966. Yaron ya tsaya ya karanta ya sake karantawa bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Kuskuren da na yi, na taho da ƙanwarsa 'yar shekara shida, minti arba'in ta gaji ta fara Baba mu tafi gida, wajen karatu ne da tsayuwa, ƙananan yara a bar su gida ko a zo da wanda zai zauna da su. Ku ware awa uku aƙalla. Azahar a wajen ajiye motoci muka yi ta ba wanda ya kula mu. Abinci kuma ku yi guzuri daga gida, mu a hanyar dawowa muka tsaya wani shago na ce kar a sa naman alade har sau biyu, aka kawo da shi, sai ruwa da dankali muka ci.

Tauraro biyar na ba su, kuma zan koma ni da shi kaɗai. A shagon tsaraba na ɗauka rigar wani kwatabak, mai jefa ƙwallon da ake tafa wa, zai ɗauko yadda ya saba, sai na gan shi yana tambayar matar wajen ko suna da wani abu na Slater.