Shekara Guda da Mujallar Adabin Fassara

A farkon shekarar 2025 na biya kuɗin shekara guda na wata mujallar intanet mai fitowa duk wata, wadda ba ta da wani aiki sai kawo labarai da sharhi kan littattafan ƙirƙira da aka fassara zuwa Turanci daga harsunan duniya. Ba zan ambaci sunanta ba, tunda ba talla na zo yi mata ba, kuma akwai inda zan taɓa ta. Abin da ya kai ni gare ta shi ne gajiya da sayen littafi bisa jin sunan marubuci kawai, sai na yi nisa da karatu in tarar fassarar ta yi tauri har ba ta haɗiyuwa. Yanzu da fitowa 12 suka wuce ta hannuna, ina ganin na samu abin faɗa.

Kowace fitowa kashi uku ce: labarai, sharhin sababbin littattafai, sai doguwar maƙala ko hira da mai fassara. Kashi na ukun nan shi kaɗai ya isa ya mayar mini da kuɗina. Maƙalar da ta fi zauna mini a rai ta ɗauko sakin layi ɗaya daga wani tsohon labarin Rasha, ta jera fassarorinsa biyu kafaɗa da kafaɗa. A wurin, mace ce take magana da namijin da ta daɗe tana kira da lamirin girmamawa, sai kwatsam ta sauko ta kira shi da lamirin kusanci. Rashanci yana da kalmomi biyu na wannan aiki, Faransanci ma haka, amma Turancin yau kalma ɗaya tal yake da ita. Mai fassara na farko ya bar wurin ya wuce kamar ba abin da ya faru, na biyu kuwa ya sa matar ta kira mutumin da sunansa na yanka a karon farko, domin mai karatu ya ji cewa katanga ta faɗi. Na ajiye wayar na yi shiru, saboda mai jin Hausa ya san tazarar da ke tsakanin "kun dawo" da "ka dawo" idan mutum ɗaya ake yi wa magana, kuma ya san cewa sauka daga wannan zuwa wancan ba ƙaramin al'amari ba ne. Tun daga ranar, duk inda na ga hira ta yi sanyi a littafin fassara, sai in tambayi kaina ko wani abu ne ya zube a hanya.

Abin yabo na biyu shi ne yadda mujallar take ɗaukar mai fassara a matsayin abokin aikin marubuci. Ba ta taɓa kawo sunan littafi ba tare da sunan wanda ya fassara shi ba, kuma wannan ya yi daidai da kiran da Jennifer Croft, wadda ta fassara littattafan marubuciya Olga Tokarczuk daga harshen Poland, ta jagoranta a 2021, cewa a riƙa buga sunan mai fassara a bangon littafi. Haka kuma lokacin da marubuciya Banu Mushtaq da mai fassararta Deepa Bhasthi suka lashe kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa a watan Mayun 2025, wanda shi ne karon farko da littafi daga harshen Kannada na kudancin Indiya ya ci ta, kuma karon farko ga tarin gajerun labarai, mujallar ba ta tsaya ga taya murna ba. Ta yi bayani mai gamsarwa kan dalilin da ya sa mai fassarar ta bar wasu kalmomin asali yadda suke, ba ta goge su don sauƙaƙa wa Bature ba.

Sai dai a nan ne ƙorafina ya fara. Sashen labaran ya zama bawan kyaututtuka. Daga fitar jerin farko na Booker a farkon shekara har zuwa sanar da gwarzo, kusan ba a maganar komai sai ita, sannan da Oktoba ta zo aka ba László Krasznahorkai na Hungary kyautar Nobel, sai fitowar da ta biyo baya ta cika da shi. Ba na raina waɗannan kyaututtuka; tun 2016 Booker take raba fam 50,000 daidai wa daida tsakanin marubuci da mai fassara, kuma wannan ya ɗaga darajar sana'ar. Amma sharaɗinta shi ne littafin ya fito da Turanci a Birtaniya ko Ireland, don haka mujallar da ta mai da ita alƙibla tana nuna wa mai karatu zaɓin mawallafan ƙasashe biyu ne kawai, tana kiransa adabin duniya. An daɗe ana cewa littattafan fassara ba su wuce kashi 3 cikin 100 na abin da ake bugawa a Amurka ba, har Jami'ar Rochester ta raɗa wa wani shafinta na adabi suna da wannan adadi. Idan taga ta riga ta yi ƙanƙanta haka, bai kamata a ƙara rataya mata labule ba. A tsawon shekarar na karanta sharhi mai yawa kan littattafan Faransanci da Sifaniyanci da Japananci da harshen Koriya, wanda kasuwarsa ta buɗe sosai bayan Nobel ɗin Han Kang a 2024, amma littattafan Afirka ƙalilan da aka taɓo duk daga Faransanci ko Larabci ko harshen Portugal aka fassaro su.

Gajerun sharhin kuma hannunsu ba ɗaya ba ne. Wasu masu sharhin, a bayyane yake, ba su jin harshen asalin, amma sai su rufe da cewa fassarar ta yi santsi. Santsi da me aka auna shi? Wanda bai ga asali ba yana iya cewa Turancin ya yi daɗi, wannan haƙƙinsa ne, amma ba shi da hurumin shaidar cewa an riƙe amana. Sau biyu kuma mai sharhi ya tona mini ƙarshen labari ba tare da gargaɗi ba, ɗaya daga ciki littafin yana kan teburina ban kai rabi ba.

Ta fuskar amfani, karatu a kwamfuta ba shi da matsala, kuma rumbun tsofaffin fitowa a buɗe yake ga wanda ya biya. A waya ne teburan da ake jera fassarori biyu suke hargitsewa, layi ya hau layi, alhali su ne mafi daraja a mujallar.

Na sabunta biyan kuɗin, amma na sauya yadda nake karantawa. Ina farawa da doguwar maƙala, in duba sharhin waɗanda na lura suna jin harshen da suke magana a kai, in tsallake yawancin labaran. Don cike giɓin kuma ina leƙa Words Without Borders, wadda take buga fassarori kyauta a intanet tun 2003, da World Literature Today ta Jami'ar Oklahoma, wadda ta samo asali tun 1927. Littattafai 5 na saya bisa shawarar mujallar a cikin shekarar, na karanta 4 har ƙarshe, na biyar ɗin kuwa shi ne wanda aka tona mini ƙarshensa.