Firijin Beljiyam a shagunan kayan hannu: abin dubawa kafin a biya

Magidancin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, idan ya tashi sayen firij, da wuya ya wuce layin masu kayan Beljiyam. Sunan ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp, inda ake lodin kwantenonin tsofaffin kayan Turai zuwa Legas da Kwatano, daga can 'yan kasuwa su hauro da su zuwa Sabon Garin Kano da Kaduna da sauran garuruwa. A yau ko daga Jamus ko Ingila kaya suka fito, Beljiyam ake ce musu. Hukuncinmu a kan waɗannan shaguna shi ne akwai kayan kirki a cikinsu, wasu ma sun fi sababbin masu arha ƙarko, amma mai shago ba zai zaɓa maka ba. Shi burinsa ya fitar da abin da ya daɗe a ƙasa.

Abu na farko da masu saye ke tsallakewa shi ne ƴar takardar da ke manne a bangon ciki, kusa da akwatin kayan miya, ko a bayan firijin. A jikinta akwai haruffan da ke nuna irin zafin da aka ƙera shi ya jure. SN da N iyakarsu digiri 32 ne, ST ya kai 38, T kuwa 43. Da yawa daga cikin firijin da aka yi wa gidajen Turai N ne ko SN. Ka kawo irin wannan ɗakin da ke da rufin kwano a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, sai injin ya yi ta aiki ba hutu, ruwa ba ya yin sanyi yadda ake so, ƙarshe kwamfireso, wato injin da ke sa sanyi, ya ƙone. Mutane su ce an cuce su, alhali firijin lafiyarsa ƙalau, ƙasar ce ba tasa ba. A nemi mai ST ko T, ko wanda aka rubuta SN-T. Idan an kankare takardar, a bar shi.

A wannan takarda kuma ake ganin ƙarfin wuta. Wutarmu 230V ce, 50Hz, daidai da ta Turai. Manyan firij masu ƙofa biyu da suka fito daga Amurka 110V ne, 60Hz, sai da tiransifoma, kuma ko da ita injin ba ya sakewa. Kyawunsu na jan ido, amma ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne.

Sai gwaji, kuma a nan ne shaguna suka bambanta. Shagon kirki yana da janareta, zai bar ka ka zauna a kunna a gabanka. Kafin a jona, ka sa hannu ka taɓa kwamfireso, wato baƙar tukunyar nan ta ƙasa a baya. Idan da ɗumi, an riga an kunna shi kafin ka zo, sanyin da ka ji a ciki ba shaida ba ne. Ka ce a bar shi ya huce, a tashe shi daga farko. Lafiyayyen inji yana tashi nan take da ƙara ƙasa-ƙasa. Wanda ke yin "ƙat" ya yi shiru, bayan ƴan mintuna ya sake, ko dai rilensa, wato ɗan abin da ke tayar da injin, ya mutu, wanda gyaransa mai sauƙi ne, ko injin kansa ya kama hanya, wanda kuɗinsa kan kusan cinye duk rangwamen da aka samu. Cikin minti goma sha biyar ya kamata ragar baya ta ɗauki ɗumi. A ba shi awa guda aƙalla, a ga raɓar ƙanƙara ta rufe farantin firiza gaba ɗaya. In ta tsaya a kusurwa ɗaya kawai, gas ya yi ƙasa.

Gas ba ya ƙarewa haka kawai kamar man mota. In ya ragu, akwai inda yake yoyo. Wasu masu shago kan ɗura sabo ba tare da toshe ɓular ba, firij ya yi sanyi mako biyu ko uku, sannan ya tsaya. Alamarsa ita ce maiƙo a mahaɗar bututun tagulla, ko tabon gam a cikin firiza inda wani ya taɓa sa wuƙa yana ɓamɓarar ƙanƙara. A duba irin gas ɗin ma, an rubuta a jikin kwamfireso. R600a da R134a duk ana samunsu wurin masu gyara, sai dai ba a musanya ɗaya da ɗaya, kuma R600a yana kama wuta, don haka waldarsa sai gwani. Mai R12 tsoho ne tukuf, an daina amfani da gas ɗin saboda illarsa ga sararin samaniya, kada a karɓe shi ko da kyauta.

Robar ƙofa kuwa da takardar naira ake gwada ta: a maƙala, a rufe, a ja. In ta zare salin-alin, iska na shiga. A gwada sama da ƙasa da gefe.

Ga mai lissafin kuɗin wuta, tsohon firij yana da ci. Saboda haka ne Ghana ta hana shigo da firijin hannu tun 2013. A nan gida, a Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar masu Band A naira 225 kowane yunit. A wannan farashi, firijin da ke shan yunit 400 a shekara zai ci naira 90,000. Ga iyalin da wuta ba ta zama a unguwarsu, firizar kwance mai murfi a sama ta fi dacewa, domin sanyi ba ya zubowa in an buɗe, kuma takan riƙe ƙanƙara kwana guda ko fiye in ba a yawan buɗe ta. Masu allon latsawa da ba sa tara ƙanƙara su ne suka fi saurin lalacewa da wutar da ke hawa da sauka, kuma allon nasu wahalar samu gare shi.

Garantin shagunan nan galibi na baki ne. A sa a rubuta kwanakin a rasit, tare da lambar jikin firijin, don kada gobe a ce ba shi ba ne. A ɗauko shi a tsaye cikin a-kori-kura. In dole ta sa aka kwantar, a bar shi tsaye ya kwana kafin a kunna, man injin ya koma mazauninsa. A bar tazarar kamar taƙi guda tsakaninsa da bango. Kuɗin sitabilaiza mai jinkirta wuta minti uku zuwa biyar yana cikin kuɗin firij, a ware shi tun daga gida, domin dawowar NEPA farat ɗaya takan kashe injuna.

Sauran kayan da ke shagunan ba su da wannan dogon bincike. Fankar tsaye ta hannu sayayya ce mai kyau in ba ta ƙauri kuma ba ta kaɗa kai. Wadda ke jan jiki wajen tashi yawanci kafasito ne, canjinsa ba tsada. Murhun gas ma babu laifi, amma a sayi sabon tiyo da sabuwar regileta, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga ko zai yi kumfa. Tukunyar gas da ta yi tsatsa a gindi ko aka yi mata walda, ba a kai ta gidan da yara suke. Tukwane da kuloli da tangaran sun fi sauƙi a hannun dillaliyar unguwa, wadda kan yarda a biya ta kashi biyu. Katifa da kujerun kushin kuwa ba mu ba da shawarar a saya a hannu ba: kuɗin cizo na ɓuya a ɗinkinsu, yana iya yin watanni bai sha jini ba, kuma in ya shiga ɗaki, kuɗin feshi sau biyu ko uku sai ya wuce abin da aka rage a ciniki.