Ramuwar jini ta Kanun ko hukuncin kotun Hague?

A arewacin Albaniya da Kosovo akwai tsohuwar dokar gargajiya da suke kira Kanun, ana jingina ta ga Leka Dukagjini, wani basaraken Albaniya na ƙarni na 15. A tsarinta in aka kashe maka ɗan uwa jinin yana kan dangin mai kisan ne gaba ɗaya, duk namijin gidan ana iya kashe shi, shi ya sa za ka ga maza sun kulle kansu a gida shekara da shekaru ba gona ba makaranta, don ba a kashe mutum a cikin gidansa. Wallahi abin da ya fi damuna yaran ne, su da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Kotu kuwa mai laifin kaɗai take kamawa. Kotun musamman ta Kosovo da ke birnin Hague na ƙasar Holland ta yanke wa Salih Mustafa, wani tsohon kwamandan mayaƙan 'yantar da Kosovo, ɗaurin shekara 26 a 2022 kan laifukan da aka aikata a 1999 lokacin yaƙin Kosovo, daga baya aka rage. Akwai shaidu, akwai lauya, akwai ɗaukaka ƙara, sai dai jinkiri kam ba a magana, sama da shekara 20 mutane na jira.

Ni dai a laifin yaƙi kotu zan ɗauka, ramuwa ba ta da ƙarshe. Amma sulhun da ke cikin al'adar ya kamata a haɗa da shi, ai a 1990 Anton Cetta, wani masanin al'adun gargajiya, da ɗalibai sun zagaya ƙauyukan Kosovo iyalai da yawa suka yafe jinin 'ya'yansu a bainar jama'a.