Gargaɗi ga masu zuwa Umra: a kula da masu sayar da ziyara a dunƙule

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu niyyar Umra ne, da kuma waɗanda iyayensu ko iyalansu suke ƙasa mai tsarki a yanzu. Akwai damfarar da ake yi wa mutanenmu da sunan ziyara, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne da Hausa ake yin ta.

Kana sauka a masauki a Makka, musamman wajen Misfala da titin Ibrahim Khalil inda mutanenmu suka fi yawa, sai wani ya tare ka a harabar otal da fara'a: "Alhaji barka da sauka, Hajiya an zo lafiya?" Ko kuwa ka wayi gari an saka lambarka a wani zauren WhatsApp. Daga nan sai a nuna maka jadawali mai daɗin ji. Ba sai ka canja masauki ba, kullum mota za ta zo bayan Asuba: yau Ɗa'ifa, gobe Jidda, jibi Badar, gata Madina har da shiga Rauda, wato wurin da ke tsakanin kabarin Annabi (SAW) da mumbarinsa, a dawo da kai ka samu Isha'i a Harami. Kuɗin duka a dunƙule, kuma yau za a biya domin wai kujeru biyu suka rage. In ka ce riyal ɗinka bai kai ba, nan take zai karanto maka lambar asusun banki ta gida, ka tura naira.

Ranar farko mota takan zo da gaske, amma ba Ɗa'ifa za ta nufa ba. Za a zagaya da ku gindin Dutsen Nur inda kogon Hira yake, da Dutsen Saur, da Arfa, da Muzdalifa, da Mina. Wannan zagaye ne na awa biyu zuwa uku, ba shi da tsada, kuma kamfanonin Umra da yawa sun riga sun saka shi cikin kuɗin da mutum ya biya tun daga gida. Amfaninsa a wurin ɗan damfara shi ne hankalinku ya kwanta, waɗanda suke ɗari-ɗari su ma su kawo nasu. Washegari sai a ce direba ba shi da lafiya. Rana ta uku waya a kashe. Tsofaffinmu mata su suka fi faɗawa, domin suna jin nauyin tambayar wanda ya kira su Mama, kuma ba sa son tayar da rigima a garin Allah. Da wannan kunyar ake cutar su.

Duk wanda ya san nisan wuraren nan zai gane ƙaryar tun daga takarda. Daga Makka zuwa Jidda kusan kilomita 80 ne, Ɗa'ifa kuwa kusan 90 ta hanyar Hada mai hawan dutse. Waɗannan ana zuwa a dawo cikin wuni ba tare da wahala ba. Amma Madina ta haura kilomita 400. A bas awa biyar ce ko fiye, zuwa kaɗai. To wane lokaci za ka yi salla a masallacin Manzon Allah (SAW), ka je maƙabartar Baƙi'a, ka ci abinci, sannan ka riski Isha'i a Makka? Jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 yana cin tafiyar cikin kamar awa biyu da rabi, amma tikitinsa a shafin jirgin ko a tasha ake saye, da sunanka da lambar fasfonka. Badar kuma, inda aka gwabza ranar 17 ga Ramadan shekara ta 2 bayan Hijira, ta fi kusa da Madina, kusan kilomita 150, alhali daga Makka ninkin haka ne. Mai tsara ziyara na gaskiya yakan bar Badar sai an koma Madina, a haɗa ta da kwanakin Uhudu da Ƙuba da Ƙiblataini, waɗanda duk suna cikin gari.

Batun Rauda shi ya fi muni. Izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake samunsa, kyauta ne, kuma da sunan mutum yake fita. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi yana da hanya, ko dai abin da za ka iya yi da wayarka zai sayar maka, ko ya turo maka hoton izinin wani, ka je ƙofa a mayar da kai.

Akwai kuma masu zuwa da motar, amma su yanke tafiyar. An yi alkawarin Ɗa'ifa da masallacin Abdullahi ɗan Abbas, da tsayawa a miƙati domin mai son sabuwar Umra ya ɗaura harami a Sailul Kabir, wato Ƙarnul Manazil, ko a Wadi Muhrim in ta Hada aka biyo. Sai a ɓata rabin wuni a shagon turare da zuma inda direba yake da kamasho, da yamma kuma ya ce dare ya yi, ya wuce miƙatin a guje. Wanda ya ƙulla niyyar Umra ya wuce miƙati babu harami, ko ya koma ko yanka ya hau kansa. Cutar ta tashi daga aljihu ta shiga ibada ke nan. A Madina ma haka ake ƙare ziyara a shagon dabino, ko a ƙara kuɗi don a kai mutane Wadil Baida, wanda ake ce wa kwarin aljanu, a saki mota tana tafiya da kanta a ce ikon aljanu ne. Gangara ce kawai da ido yake gani kamar hawa, kuma babu wata falala da ta zo a kan zuwa wurin.

Ba ina hana kowa ziyara ba ne, kuma a cikin 'yan uwanmu mazauna can akwai direbobi masu amana da suke cin halalinsu. Mai amana ba ya jin haushi in ka ce kuɗin kowace tafiya sai a ranarta, rabi in an shiga mota, ciko in an dawo. Ka fara tambayar jagoran kamfanin da ya kawo ka, domin shi kana da inda za ka kama shi, a Najeriya akwai hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da ke ba kamfanonin lasisi. In ku huɗu ne ko biyar, ku haɗa kuɗi ku ɗauki tasi mai rajista, ko ku kira ta Uber ko Careem inda farashi da lambar mota suke a rubuce. Ku faɗi wuraren tsayawa ɗaya bayan ɗaya kafin a tashi, har da miƙati in da niyyar Umra. Fasfo kuwa kada ya bar hannunka da sunan za a yi rajistar mota.

'Ya'yan da ke gida, in Hajiya ta kira ta ce a tura wa wani bawan Allah kuɗin ziyara, ku nemi ta haɗa ku da jagoransu tukuna. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya adana saƙonnin da shaidar tura kuɗin, ya sanar da masu otal da jagoransa, ya kira 'yan sanda a 911. In ta asusun gida aka tura, a kai ƙorafi banki da wuri, tun kafin a kwashe kuɗin.