Canjin Bariki a Sojan Amurka: Wane Tsarin TRICARE Ya Dace da Iyali a Sabon Gari?

Takardar canjin wurin aiki, wadda sojojin Amurka ke kira PCS, takan zo da hidima goma a lokaci guda: neman gida, makarantar yara, masu kwashe kaya, tura mota. Inshorar lafiya ita ake bari a baya, don ana ganin ai TRICARE, inshorar lafiyar sojojin Amurka da iyalansu, ba ya yankewa. Haka ne, ba ya yankewa muddin maigida ko uwargida na cikin kaki. Sai dai tsarin da ya yi wa iyali daidai a tsohon bariki ba lallai ya yi musu daidai a sabo ba, kuma ƙaura na cikin 'yan lokutan da aka yarda a sauya tsari a tsakiyar shekara. Kwana 90 kuke da su daga ranar ƙaura. In sun wuce, sai ku jira rajistar shekara da ake buɗewa daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, wadda sauyinta ba ya fara aiki sai 1 ga Janairu, in ba wani dalili irin aure ko haihuwa ya sake buɗe muku ƙofa ba.

Manyan tsare-tsaren biyu ne, Prime da Select. Shi sojan da ke bakin aiki ba shi da zaɓi, a Prime yake. Zaɓin na mata ko miji ne da yara, kuma ba dole su bi tsari ɗaya ba. Uwa na iya shiga Select, yara su zauna a Prime.

Prime: babu kuɗi, amma komai ta hannun likita ɗaya

A Prime ana haɗa kowane mutum da likita ɗaya, wanda ake kira PCM, galibi a asibiti ko kilinik ɗin bariki. Shi ke duba ku, shi ke rubuta takardar turawa in kuna buƙatar ƙwararre. Iyalin soja mai aiki ba sa biyan kuɗin rajista, ba sa biyan ko sisi a ziyarar da ta bi wannan hanya. Akwai kuma ƙa'idar jira: ciwon da ba ya jira a gan shi cikin awa 24, duba na yau da kullum cikin kwana 7, ƙwararren likita cikin kwana 28. In PCM ya tura ku wajen ƙwararren da ke nesa fiye da mil 100, ana iya mayar muku da kuɗin tafiya.

Inda mutane ke ƙonewa shi ne ganin ƙwararre ba tare da takardar turawa ba, kuma a makonnin ƙaura aka fi yin haka, lokacin da tsohon likita ya yi nisa, sabon kuma ba a riga an samu ba. A irin wannan ziyara za ku fara biyan dala 300 ga mutum ɗaya, ko 600 ga iyali, sannan rabin abin da ya rage. Ku ɗauka TRICARE ya amince da dala 1,000 a kan wani aiki: 300 na farko naku ne, rabin 700 ma naku ne, dala 650 ke nan daga aljihu a kan abin da da takarda ɗaya kyauta ne. Wannan kuɗi kuma ba ya shiga lissafin iyakar abin da iyali za su kashe a shekara.

Ana samun Prime ne a yankunan da aka keɓe, galibi cikin mil 40 daga asibitin soja. Don haka tun kuna neman gidan haya ku duba adireshin. Gida mai araha a bayan gari na iya fitar da ku daga yankin, ko ya sa ku yi tuƙin da ya wuce minti 30 kafin ku ga likita.

Select: 'yanci, da ɗan kuɗi

A Select babu PCM, kuma yawancin ƙwararru ana zuwa wajensu kai tsaye, ko da yake wasu ayyuka na buƙatar amincewa tukuna. Iyalin soja mai aiki ba sa biyan kuɗin rajista a nan ma. Abin da ake biya shi ne kason farko na shekara kafin inshora ta fara ɗauka, sannan ɗan kuɗi a kowace ziyara.

Yawan kuɗin ya dogara da ranar da sojan ya fara shiga aiki. Wanda ya shiga kafin 1 ga Janairu 2018 yana rukunin A, wanda ya shiga daga ranar zuwa yau yana rukunin B. A rukunin A kason farko dala 50 ne ga mutum, 100 ga iyali, in matakin muƙamin sojan E-4 ne zuwa ƙasa, wato ƙananan sojoji. Daga E-5 zuwa sama 150 ne da 300. Iyalin rukunin A ba za su kashe fiye da dala 1,000 a shekara daga cikin farashin da inshora ta amince da shi ba. Na rukunin B ya ɗara haka, kuma yana ɗan hawa kowace Janairu. Rigakafi da gwaje-gwajen kariya kyauta ne a wajen likitan da ke cikin jerin kamfanin da ke gudanar da TRICARE a yankinku.

Wannan jerin shi ne zuciyar maganar. Likitan da ba ya ciki kason da za ku biya ya fi yawa, wani ma yana da damar ɗora har kashi 15 cikin ɗari a kan farashin da TRICARE ya amince da shi, ya kuma bar ku da cika takardar neman mayar da kuɗi. Kafin ku zaɓi Select, ku buɗe jerin likitocin sabon garin, ku ɗauki uku ko huɗu, ku buga musu waya da tambaya biyu: kuna karɓar TRICARE Select, kuma kuna ɗaukar sababbin marasa lafiya? Suna a jeri ba ya nufin akwai gurbi.

A ganinmu, iyalin da ke da ƙananan yara masu ƙoshin lafiya, kuma za su zauna dab da babban asibitin soja irin William Beaumont na Fort Bliss ko Madigan na Lewis-McChord, Prime ya ishe su. Wanda ke da ciwon da ke kai shi wajen ƙwararru biyu ko uku a kai a kai, ko matar da ke son zaɓar likita mace da kanta don awo da haihuwa, Select ya fi ba ta sukuni, tunda ta san iyakar abin da zai ci. Abu ɗaya za a sani: mai Select ba ya gaba a layin asibitin bariki, sai in an sami gurbi.

Bariki ma suna suka tara. Fort Drum a arewacin jihar Niyok ba shi da asibitin kwanciya na soja, kilinik ne, don haka ko a Prime kuke haihuwa da tiyata a asibitin farar hula za a yi su.

Zaɓi na uku da ake mantawa

US Family Health Plan wani nau'in Prime ne da wasu cibiyoyin lafiya na farar hula shida ke gudanarwa a yankunansu, irin su Johns Hopkins a Maryland da kewaye, Martin's Point a arewa maso gabas, da CHRISTUS a sassan Teksas da Louisiana. Kuɗinsa irin na Prime ne, likitocinsa na farar hula. Sharaɗinsa mai nauyi ne: in kun shiga, kun bar asibitin bariki da kantin maganinsa, sai dai larurar gaggawa. In ƙaura ta fitar da ku daga yankinsu, dole ku zaɓi wani tsari.

Wanda aka tura aiki nesa, kamar ofishin ɗaukar sababbin sojoji a wani ƙaramin gari, inda gida da wurin aiki suka wuce mil 50 ko tuƙin awa ɗaya daga asibitin soja, akwai Prime Remote. Iyali na shiga in tare suke zaune da shi.

Ƙetare

In Jamus ne, ko Japan, ko Koriya ta Kudu, tambaya ɗaya ce ke raba gardama: sunan iyali na cikin takardar umarni a matsayin waɗanda rundunar ta ɗauki nauyinsu? In yana ciki, suna iya shiga Prime Overseas. In sun bi shi ne da kuɗinsu, Select Overseas kawai ya rage, inda sau da yawa za ku biya asibiti tukuna ku nemi a mayar muku. Ku adana kowane rasit. Wa'adin neman kuɗin shekara uku ne a ƙetare, shekara ɗaya a cikin Amurka. Kamfanin International SOS ke kula da TRICARE a ƙetare.

Yadda ake yin sauyin

Kada ku fita daga tsarinku kafin tafiya. Shi ke rufe ku a hanya har ku isa. Tun saura wata guda ku gama duk wani awo da allurar yara, ku karɓi kwafin fayil daga likitocin farar hula. Bayanan asibitocin soja suna cikin rumbun kwamfutarsu, MHS GENESIS, za su riga ku isa, amma na waje sai kun ɗauko da hannu. Fayil ɗin da katin rigakafi su shiga jakar hannu, ba motar kaya ba, don makaranta za ta nemi katin tun kafin akwatuna su iso.

Ku sabunta magunguna. Kantin maganin bariki da aiken gida na kamfanin magani Express Scripts na ba da na kwana 90, kantin gari na kwana 30. Ku gyara adireshin aiken kafin kwalin insulin ya sauka a ƙofar gidan da kuka bari. Masu tafiya Jamus su sani ba a aika magani can ta wannan hanya.

In ciwo ya taso a hanya, sashen gaggawa ba ya buƙatar takarda, amma masu Prime su sanar da PCM cikin awa 24 ko ranar aiki ta gaba. Zazzaɓin yaro ko ciwon kunne, iyali na iya shiga asibitin urgent care, wato na ciwon da ba ya jira amma bai kai na gaggawa ba, da TRICARE ya amince da shi ba tare da takarda ba. Layin nas-nas na 1-800-874-2273 yana aiki dare da rana.

Da kun isa, ku gyara adireshi a DEERS, rajistar sojoji da iyalansu, ta shafin intanet na milConnect. Gyaran adireshi kaɗai ba ya mayar da rajistarku sabon wuri, kuma nan ne da yawa ke tsayawa suna zaton sun gama. Sai kun kira kamfanin yankin, ko kun cika ta intanet, ko kun aika fom DD 2876 na Prime ko DD 3043 na Select. Humana Military ke riƙe da Gabas. Yamma tana hannun TriWest tun 1 ga Janairu 2025, ranar da Teksas, Oklahoma, Louisiana, Arkansas, Illinois da Wisconsin suka koma Yamma, don haka tsohuwar taswira za ta ba ku lambar da ba ita ba.

Mai juna biyu, da mai jinyar da ba ta son tsaiko, da yaron da ke cikin EFMP ko ECHO, shirye-shiryen masu buƙata ta musamman, kada su jira isowa. Su kira kamfanin tun kafin tashi, su nemi a haɗa su da jami'in da ke bin lamarin mara lafiya, su tambaya ɗaya bayan ɗaya wace takardar turawa ce za ta bi su, wace ce sai sabon likita ya sake rubutawa. In haihuwa ta zo a tsakiyar ƙaura, a sa jariri a DEERS cikin kwana 90, ko 120 a ƙetare.

Haƙori daban yake. Shirin da United Concordia ke gudanarwa ana biyansa wata-wata, yana bin ku duk inda kuka koma, adireshi kawai za ku gyara ku nemi sabon likitan haƙori a jerinsu. Ɗa ko 'yar da aka bari a jami'a a tsohon gari kuwa tana iya ci gaba da rajistarta a can, a ƙarƙashin kamfanin wancan yankin, har ta kai shekara 21, ko 23 in cikakkiyar ɗaliba ce kuma an shigar da shaidar makarantar a DEERS.