Gargaɗi a kan mai maganin gargajiyar da ya karɓe mini naira 185,000 ya kuma kwantar da mahaifiyata a asibiti

Assalamu alaikum. Yau kusan mako uku ke nan ina rubuta wannan bayani ina gogewa, domin duk lokacin da na zo wajen faɗin adadin kuɗin sai kunya ta rufe ni. Naira 185,000 ne. Ni malamin makaranta ne a nan cikin garin Sakkwato, kuma duk wanda ya san albashin malami ya san cewa kuɗin nan ba a aljihu na same su ba. Akwai kwasar adashina a ciki, akwai kuɗin tunkiyar da na kai kasuwar Kara na sayar da ita a kan farashin da ban so ba, akwai kuma naira 20,000 da na ranta wajen ƙanina, wanda har yau bai san inda suka tafi ba. Da kuɗin kaɗai ne da na yi shiru na bar wa Allah, amma mahaifiyata ta yi kwana 6 a gadon asibiti saboda garin da na ɗauka da hannuna na dama mata.

Kafin wani ya ce mini ai wauta ce, ina so a san cewa ni ba baƙon itatuwan magani ba ne. A hannun kakata na tashi a wani ƙauye kusa da Wurno, kuma ita ce ake kira idan mai jego ta kwana da ciwon ciki. Na san sabara tun ina yaro, na san ana dafa ganyenta a ba mai jego da mai gudawa. Na san bagaruwa, wadda majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da ita, ita ce kuma ake jiƙawa a kuskure baki idan dasashi na jini. Na san filasko na wanke ciki ne, kuma wanda ya zarce kima da shi zai kwana a hanyar bayan gida. Na san ana surace da ganyen dogon yaro idan zazzaɓi ya kama mutum, na san ƙamshin hano, na san sassaƙen marke da na kalgo ko a cikin duhu. Motocin nan masu lasifika da ke yawo suna cewa kwalba ɗaya tana maganin basur da sanyi da taifot da rashin haihuwa, ban taɓa tsayawa wajensu ba, har dariya nake yi wa masu tsayawa. Saboda haka wanda ya cuce ni bai same ni a matsayin jahili ba. Da ɗan sanin nawa ya kama ni, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai.

Inna tana da ciwon suga shekara 8 ke nan, tana shan metfomin safe da yamma, kuma sugan yana zaune lafiya gwargwado. Abin da ya fi damunta shi ne gwiwoyi, har ta kai sai a zaune take salla. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ga mutumin nan a gefen hanya ya shimfiɗa tabarma. Ba shi da lasifika, ba ya kiran kowa. Farar riga ce a jikinsa, da tabarau, da carbi, kuma a gabansa akwai sassaƙe da saiwoyi na gaskiya a jere, kowanne da ɗaurinsa. Na tsaya ne kawai don na ga saiwar sanya, wadda ake kira uwar magunguna, domin na daɗe ban gan ta ba. Da na ɗauka na sunsuna na faɗi sunanta, sai ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Malam, kai ɗan gida ne. Wa ya koya maka?"

Wannan maganar ce take dawo mini kullum idan na kwanta. Kai ɗan gida ne. Ya ɗauko wani ɓawo ja ya miƙo mini ya ce in tauna, na tauna, ɗaci ya cika mini baki har makogwaro, na ce madaci ne, ya yi murmushi ya ce ai ya faɗa. Daga nan na ba shi labarin Inna. Ya saurara bai katse ni ba, ya tambayi shekarunta, ya tambayi ko tana tashi fitsari da dare, ya tambayi ko ƙafafunta suna yin kamar ana tsira mata allura. Tambayoyin da likita ke yi ne. Sa'an nan ya ce kakanninsa almajiran Wurno ne, kuma haɗin da yake yi daga rubuce-rubucen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya samo asali. To, ni na san gaskiya ne Sarkin Musulmi Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubutu a kan magani, har da na basur da na ciwon ido, kuma a Wurno kabarinsa yake. Mutum ya kawo maka gaskiya guda uku a jere, yaya za ka yi ka gane cewa ta huɗun ƙarya ce? Ina tambaya ne da gaske, domin masu cewa da su ne da ba su yarda ba, ban ga yadda za su yi ba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ya ƙi sayar mini da komai a ranar. Na ciro kuɗi, ya ce in mayar, wai maganin suga ba a ɗaukarsa a tabarma kamar goro, sai an haɗa shi daidai da jikin mai shi. Ya ce zai haɗa garahuni da sassaƙen madaci da hulba da ɗan sanya kaɗan, da wasu saiwoyi biyu da sai an shiga daji wajen iyakar Nijar ake samunsu, kuma su ne masu tsada. Wane ɗan damfara ne ake miƙa wa kuɗi ya ce a mayar? Haka na tambayi kaina a kan hanyar gida, kuma haka na gaya wa matata da ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba.

Naira 65,000 na fara turawa. Sunan da ya fito a asusun na mace ne, na tambaya, ya ce na mai POS ɗin unguwarsu ne domin shi ba ya harka da banki, kuma na ga hakan ya dace da irin shigarsa. Bayan kwana 2 wani ɗan kabu-kabu ya kawo mini ƙullin leda 14 a cikin kwali, da takarda manne mai ɗauke da lambar da aka ce ta NAFDAC ce, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. A'a, na yi kuskure, takardar ba ta zo da kashin farko ba, sai a na biyu, bayan na tambaye shi ko maganin yana da rajista. Kashin farko a leda zalla ya zo, babu rubutu ko ɗaya. A na biyun ne na tura naira 70,000, wai saboda an ƙara ƙarfin haɗin. Na ukun naira 50,000, wai ragi ya yi mini saboda na zama ɗan'uwa. A tara a gani, 65,000 da 70,000 da 50,000, naira 185,000 ke nan cikin mako 5.

A rana ta uku da fara sha Inna ta yi sallar asuba a tsaye. Na ga wannan da idona, kuma na yi kuka. Ciwon gwiwar da ya shekara 4 ya ɗauke kamar an zare ƙaya, ga cin abinci ya buɗe, tana cinye tuwonta ta nemi ƙari. Na kira shi ina godiya, har na ba mutum biyu a wurin aikinmu lambarsa, kuma wannan ma wani nauyi ne da nake ɗauke da shi. Yanzu na san cewa a ranar ya kamata in tsorata, domin kakata ba ta taɓa ba da sassaƙen da ya kashe ciwon shekara 4 cikin kwana 3 ba. Itace a hankali yake aiki. Amma wa zai ga mahaifiyarsa ta miƙe ya tsaya bincike?

Na manta ban faɗi ba, tun kafin wannan, a ranar da aka kawo kashin farko, ya ce a dakatar da maganin asibiti, wai magani biyu ba sa zama a ciki ɗaya, ɗayan zai kashe ɗayan. Na yi gardama kaɗan, ya ce, "Malam, kai da ka san itace kake wannan magana?" Sai na yi shiru. Ni da kaina na ɗauke kwalin metfomin daga kan tagar Inna na saka a aljihun rigata. Ba matata ba ce ta yi, ba ƙanina ba ne, ni ne.

Daga mako na uku fuskarta ta fara cika ta yi zagaye, maƙwabta suna cewa Inna ta yi kyau ta murmure. Tana shan ruwa kamar ba gobe, tana fita fitsari sau biyar sau shida a dare, ni kuma na ɗora laifin a kan zafin bazara, tunda kowa ya san yadda Sakkwato take a watan Afrilu. Na gaya masa a waya, ya ce ciwon ne ke fita ta fitsari, a ƙara cokali ɗaya. A daren da ta fara magana ba kan gado, na ɗauko na'urar awon suga da na yi wata guda ban taɓa ba, na soki yatsarta, na'urar ta ƙi nuna lamba, sai haruffa biyu da ke nufin abin ya wuce iyakar awonta. A Keke Napep muka kai ta asibiti wajen ƙarfe 2 na dare.

Likitan da ya karɓe mu bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya dubi fuskarta, ya tambayi abin da take sha, na miƙa masa ledar. Ya ce alamomin da yake gani, wato ɗaukewar ciwon gaɓoɓi farat ɗaya da buɗewar ci da kumburin fuska da hauhawar suga, sun yi kama da na wanda aka daɗe ana ba shi irin ƙwayar deksametason, wadda mutane ke kira sha-ka-fashe. Ya ce ƙwayar tana kwantar da ciwo da kumburi da sauri, amma tana ɗaga suga, kuma wanda ya yi makonni yana shanta ba a yanke masa ita rana ɗaya, sai an riƙa ragewa a hankali ƙarƙashin kulawar likita, in ba haka ba jiki na iya faɗuwa. Sai a lokacin na tuna da farin abin da ke kwantawa a gindin kofi duk lokacin da na dama garin, wanda nake ɗauka ƙasar saiwa ce.

Ranar da aka sallame mu, ko kuwa kwana ɗaya kafin nan, na ɗauki ƙulli guda na kai wa wani dattijo mai sayar da sassaƙe a Tsohuwar Kasuwa, wanda kakata take saye a wajensa. Ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya sunsuna, ya ɗanɗana da bakin harshe, ya tofar. Ya ce, "Ɗana, ina madacin yake a nan? Madaci da garahuni su haɗu a wuri ɗaya a rasa ɗaci?" Ya ce abin da ya ji garin zogale ne da kuka da ɗan citta, abin da bai wuce na naira 500 ba, sai kuma wani abu da ba itace ba ne. Na tsaya a gabansa kamar an dasa ni. Sunan itacen ma daga ɗaci aka samo shi, na tauna na gaskiyar a tabarmar mutumin nan da bakina, kuma sau nawa ina ɗanɗana garin kafin in ba Inna ban taɓa jin ɗaci ba. Na taɓa tambayar mai maganin sau ɗaya, ya ce ya cire ɗacin ne da wata hikima saboda tsofaffi, na kuma yarda. Naira 185,000 a kan zogale da miyar kuka.

Lambar NAFDAC ɗin ma ta bogi ce. Ɗan'uwan matata ya duba ta a kundin hukumar na intanet da ake kira Greenbook, babu ita. Ya kuma nuna mini cewa lambar da hukumar ke ba magungunan gargajiya tana ƙarewa da harafin L, kuma ko ta gaskiyar ce ba shaida ba ce cewa maganin yana warkarwa, iyakarta an duba ba ya cutarwa. Tasa babu L, babu adireshi, babu ranar lalacewa.

Ban rubuta sunansa ba domin na gano sunan da ya ba ni ba nasa ba ne, a wani wurin da wani suna aka san shi, kuma ba na so in jawo wa mai sunan gaskiya bala'i. Na koma bakin masallacin Juma'a uku a jere, babu shi babu tabarmarsa. Layinsa a kashe yake, ya kuma toshe ni a WhatsApp tun ranar da na tura masa hoton Inna da ƙarin ruwa a hannu. Amma ina da hotunan hirarmu duka, da rasit uku na tura kuɗi, da saƙon muryarsa inda yake cewa a daina maganin asibiti, da hoton takardar bogin. Zan saka su nan da zarar na rufe sunan matar da ke kan asusun, domin mai yiwuwa ita ma ba ta san abin da ake yi da POS ɗinta ba. Sauran ƙulli 9 suna hannuna, zan kai su ofishin NAFDAC da wajen 'yan sanda.

Kada ku sayi garin da ba ku ga itacensa ba. Duk wanda ya ce ku ajiye maganin asibiti, ku tashi ku bar wurin. Wanda yake shan irin wannan garin yanzu kuma ya ga fuskarsa tana cika, ya je asibiti da ledar a hannu, kada ya yanke da kansa.

Mutum biyun da na ba lambarsa, ɗaya ya riga ya tura naira 40,000 kafin in kira shi, kuma gobe Litinin a ɗakin malamai ɗaya za mu zauna. Inna ta koma salla a zaune, ana yi mata allurar insulin safe da dare, abin da ba ta taɓa buƙata ba a shekara 8. Jiya da na shiga gaishe ta sai ta tambaye ni ko malamin nan mai kirki ya aiko da sauran maganin, domin har yanzu ban iya gaya mata ba.